Ayabar Gaban Tebur

A bakin kasuwa, daidai inda motocin haya ke sauke mutane, akwai wani tebur mai rumfar kwano wanda aka daɗe ana sayar da ayaba a kansa, tun waɗanda yanzu ke zuwa da 'ya'yansu suna zuwa riƙe da zanen iyayensu mata. Mai teburin, Mai Zinariya ake ce masa. Sunan ya samo asali ne tun yana saurayi yana yawo da tire a ka, yana kiran ga zinariya, ga zinariya, har sunan ya bi shi ya danne na gaskiya. Kuma a faɗi gaskiya mutumin bai yi ƙarya ba. Ayabar da ke gaban teburinsa rawaya ce tas, babu tabo ko kamar kan allura, sai ka ga kamar yanzu aka fente ta.

Yana da tsarinsa da ba ya canzawa. Da safe in an sauke masa kaya, sai ya zauna a kan benci da ɗan tsumma mai laima, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gogewa yana juyawa. Wadda ta cika, ta yi sumul, ita ce ta gaban tebur. Wadda ta ɗan karce ko ta yi ƙanƙanta sai ta koma baya. Wadda kuwa ta fara ɗigo-ɗigon baƙi, ko ta yi laushi a wuya, to ta gama yawo, kwalin ƙarƙashin tebur ne makomarta. Ba ya yarda a latsa masa kaya. Mace ta miƙa yatsa za ta taɓa, sai ya ce, "Hajiya, da ido ake saye a nan." Wasu su yi dariya, wasu su yi tsaki su wuce teburin Dogo da ke kusa da shi, inda ake latsa ayaba yadda aka ga dama. Wannan Dogon kuwa ya sha tsiya a bakinsa. Asibitin ayaba yake kiran teburinsa, wai duk wadda ta ji rauni a garin can ake kwantar da ita.

Da yamma in ya tashi, sai ya ɗaure kwalin nan na ƙarƙashin tebur a bayan kekensa ya nufi gida. Abin da gidan Mai Zinariya ke ci ke nan. In ka ce masa marowaci ka zalunce shi, don bai taɓa barin gidansa da yunwa ba, kuma bai taɓa hana maƙwabci abin hannunsa ba. Shi dai a kansa haka abin ya zauna: ta gaba ta masu saye ce, ta ƙasa ta gida ce. Bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa dalili ba.

Matarsa ɗinki take yi, shi ya sa yake kiranta Tela, har mutanen layin suka ɗauka. 'Yar siririya ce mai saurin hannu da saurin baki, kullum da tef a wuya da allura a gefen ɗankwali. Kekenta na ɗinki yana bakin taga a ɗakin zama, inda haske ya fi shigowa. In ya shigo da kwali ya dire, sai ta leƙa ba tare da ta cire ƙafa daga kan keken ba.

"Sannu da zuwa, Malam. Yau ma an kawo mana waɗanda kasuwa ta kora?"

"Ciki ai bai san tabo ba," in ji shi.

"Ido ya sani. Ni dai kafin in mutu sai na ci ta gaban teburin nan, in ji abin da ake ji."

"Sai ki biyo layi kamar kowa."

Sai su yi dariya, ta tashi ta kawo masa ruwa. Sun yi wannan maganar ta fi a ƙirga, kuma kullum a matsayin wasa take ƙarewa.

'Ya ɗaya Allah ya ba su. Auta ake ce mata, ko da yake ita ce ta fari ita ce ta ƙarshe. Yarinyar nan tun da aka yaye ta jikinta ya ƙi madara. Ko kaɗan ta shiga bakinta, sai jiki ya yi rudu-rudu, ido ya kumbura, ciki ya ɗauki ƙugi, a kwashe ta sai asibiti. Likita ya ce a raba ta da duk abin da aka yi da madara. A gida wannan ba wuya. Wuyar tana bakin ƙofa, don kullum da rana tsaka akwai mai askirim da ke biyowa ta layin da kekensa yana kaɗa ƙararrawa, yara su yi masa caa. Auta sai ta tsaya a jikin ƙofa da yatsa a baki tana kallon yadda abin ke gangarowa a hannun ƙawayenta. Ba ta kuka, kuma wannan shirun shi ya fi ci wa uwar rai. Ta tagar ɗinki take hango ta, ta ji kamar ta fita ta kifar da keken mutumin.

Wata rana ana zafi mai tsanani, kwalin ya zo cike, ayabar ta nuna tuɓus, ga ƙudaje sun fara kawo ziyara. Tela ta ga in aka bar ta zuwa gobe sai bola. Sai ta ɓare su duka, ta yayyanka a faranti, ta tura cikin gidan ƙanƙarar tsohon firjinsu, don kawai kada su lalace. Washegari ta tarar sun daskare kamar tsakuwa. Ta ce bari ta ɗan daddaka a ƙaramin turmi yadda yarinya za ta iya ci. Tana dakawa, abin ya fara wargajewa, sannan ya haɗe ya yi danƙo, can sai ga shi ya yi sumul yana bin taɓarya. Ta lakata ta ɗanɗana. Ta sake lakata. Sai ta ɗauko kofin shayi ta cika shi har ya yi tozo, ta soka ƙaramin cokali, ta jira ƙararrawa.

A ranar, Auta ta fita da kofinta ta tsaya a tsakiyar yara tana sha tana lumshe ido. Kafin a jima su ne ke roƙonta ta ɗan san musu. Uwar tana taga tana kallo, ta ɗinka hannun riga a juye ba ta sani ba, sai da ta farke shi daga baya.

Tun daga nan askirim ɗin Tela ya zauna a gidan. Babu madara, babu sukari, babu ko ɗigon ruwa, ayaba ce kawai da sanyi da ƙarfin hannu. Mai Zinariya kuwa bai taɓa sa shi a baki ba. In an miƙa masa sai ya ce sanyi yana taɓa masa haƙori. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce duka ba. Shi in ya ga kofin nan, kayan da suka ƙi sayuwa yake gani, kuma ba mai son a riƙa tuna masa da ranar da kasuwa ta juya masa baya. Ga shi da rana ake yin abin, lokacin yana kasuwa. Iyakar saninsa dai ayaba ake sawa a firji.

Shekaru suka tafi. Auta ta girma ta zama malamar makaranta, ta yi aure a wani gari mai nisa, tafiyar yini guda a mota. Zuwanta na farko gida ta kawo wa uwar bilenda, ta ce turmi ya huta haka nan. Tela ta ci gaba da yi wa kanta da yaran maƙwabta. Gashin Mai Zinariya ya yi fari, gwiwa ta fara ƙara in zai hau keke, amma tebur yana nan yadda yake, kwali ma yana nan.

Ciwon da shaƙewar murya ya fara. Ta ce ƙurar yadi ce, ta sha ruwan ɗumi. Daga nan abinci ya fara tsaya mata a wuya, tana ci tana kora shi da ruwa, tana ɓoye masa. Da ya gane, ya tasa ta gaba sai asibiti. Aka yi hoto, aka ɗebi abin da za a ɗiba, aka ce ƙari ne a maƙogwaro, kuma ya daɗe. Aka yi ta kai da kawowa, aka riƙa gasa ƙarin da na'ura har fatar wuyanta ta yi baƙi. Bakin nan da ba ya gajiya da zolaya ya koma raɗa, daga baya raɗar ma sai ta yi da hawaye. In tana son abu sai ta ƙwanƙwasa almakashinta a ƙarfen gado, ta nuna da hannu. A ƙarshe likita ya ja shi gefe ya ce su koma gida. Ya ce, "Baba, duk abin da ke da laushi da sanyi, in zai wuce, a ba ta. Hanyar tana tsukewa. Akwai lokacin da ko ruwa ba zai wuce ba, saboda haka abin da take so a ba ta yanzu."

A hanyar gida ya tsaya a kanti ya sayo askirim na roba, mai tsada, irin wanda bai taɓa saye ba. Cokali ɗaya ta sha, madarar ta haɗa mata majina mai kauri a wuya, ta sarƙe, ta yi ta tari har idanunta suka yi ja, shi kuma yana ta shafa mata baya yana sannu, sannu. Da ta lafa, sai ta ƙwanƙwasa almakashi. Ta nuna firji, ta nuna lungun da yake dire kwali, ta juya hannu kamar mai daka. Ya gane. Nata take so.

Ya kira Auta a waya. A lokacin cikinta ya tsufa, an hana ta doguwar tafiya, kullum sai ta kira tana kuka tana cewa a sa mata wayar a kunnen Inna ko numfashinta ta ji. Ya ce ta gaya masa yadda ake yi.

"Ba wuya, Baba. Ka ɓare, ka yayyanka, ka sa a gidan ƙanƙara har ta daskare, sai ka markaɗa a bilenda. Kada ka sa ruwa, kada ka sa sukari."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

Ita ba ta ce ga irin ayabar da za a sa ba, shi ma bai tambaya ba. To wa zai tsaya yana koya wa Mai Zinariya zaɓen ayaba?

Washegari ya je kasuwa ya zauna a bencinsa da tsummansa. Ya goge, ya juya, ya kasa su kashi-kashi. Da ya gama sai ya tsaya yana kallon gaban teburin. Maganar nan tata ta wasa ta faɗo masa. Ya miƙa hannu ya ɗauki kashin da ya fi kowanne kyau, wanda ya sa a tsakiya don ya ja ido, ya naɗe shi a tsabtataccen ƙyalle. Dogo yana kallo ya ce, "Yau kuma wane babban mutum ne ya aiko?" Ko a bayan keke bai ɗaure ba, a hannu ya riƙe, yana tura keken da ɗaya hannun har gida.

Ya shiga ɗakin ya buɗe ƙyallen a gabanta. "Tela, ga ta gaban tebur. Ba sai kin biyo layi ba."

Ta kalli ayabar ta daɗe, sannan ta kalle shi. Ta miƙo hannu ta shafa ɓawon a hankali da yatsu biyu, yadda take shafa yadi mai tsada kafin ta sa almakashi. Hawaye ya gangaro mata ta gefen ido ya shiga kunne. Shi ya ɗauka wuyan ne ke yi mata zafi, ya gyara mata matashi.

Yinsa na farko abin dariya ne, da akwai mai dariya a gidan. Ya yanka manya-manya, bilenda ta yi ta gurnani tana tsalle a kan kanta, ya danne ta da hannu biyu kamar mai riƙon akuya. Ya kashe, ya buɗe, ya ga tsaki-tsaki, ya ce ya ɓata. Ya tura da cokali ya sake kunnawa, ya ga ta dunƙule. Ya sake turawa ya sake kunnawa, sai ga abu ya kwanta sumul, fari-fari, ya ma fi wanda yake gani a kofin Auta kyan gani. Ya ji daɗi har ransa. Ya zuba a kofin shayin nan ya kai mata, ya tallafo kanta ya ba ta. Ta riƙe a baki, ta rufe ido, jijiyoyin wuyanta suka miƙe, ta haɗiye. Ta buɗe ido ta gyaɗa masa kai. Ta karɓi na biyu. A na uku ta ɗaga hannu.

Haka aka ci gaba. Kullum ya ɗauko ta gaban tebur, kullum ya nuna mata kafin ya ɓare, kullum ta shafa, kullum cokali biyu. Da ya ga ba ta ƙarawa sai ya ce ko ayabar ce ba ta kai ba, ya ƙara tsananta zaɓe, ya koma ɗauko wadda aka sauke da safen nan, mai tauri, mai ɗan kore a baki. Kwalin kuwa ya rantse ba zai sake shiga gidansa ba. Wata mai kiwon awaki ya samu, kullum da yamma ta zo ta kwashe. A ransa yana cewa matar nan ta ci abin da kasuwa ta ƙi iya cinta, ya isa.

Tela kuwa sai ƙara zubewa take. Awarwaron hannunta da ke tsayawa a wuyan hannu ya koma zamewa har gwiwar hannu. Cokali biyu ya koma ɗaya, ɗayan ma sai ta huta kafin ta haɗiye, gumi ya tsattsafo mata a goshi. Amma in ya shigo da kofin ba ta taɓa kawar da kai ba. Shi kuma tsoro ya cika shi, tsoro irin wanda ke hana mutum zama wuri ɗaya, don ya san abin da likita ya ce, kuma yana gani da idonsa hanyar tana rufewa.

Auta ta sauka lafiya, kuma tana samun ƙarfin zama a mota ta taho. Da hantsi ta iso da jaririya a baya. Ta shiga ɗakin da sallama da fara'arta, ta ga abin da ya rage na uwarta a kan gado, ta daure ta kwance goyon ta ɗora mata a gefe, ta ce, "Inna, ga ƙawarki ta zo gaishe ki." Sannan ta ce bari ta sha ruwa, ta wuce kicin ta toshe baki da gyale ta yi kukanta. Uban ya biyo ta ya tsaya a ƙofa. Don ya sami abin faɗa sai ya buɗe firji ya ɗauko ragowar na jiya ya ce ta ga yadda ya iya.

Ta share ido ta lakata ta sa a baki. Ya ga fuskarta ta canza.

"Baba, da wace ayaba ka yi wannan?"

"Da wadda ta fi kowacce. Ta gaba. Ko tabo ɗaya babu."

Auta ta jingina da bango. "Baba, ai da mai tabo ake yi. Wadda ta nuna ta yi laushi, ɓawon ya yi baƙi-baƙi. Sanyi yana danne zaƙi, in ba ta nuna sosai ba sai ta fito lami, ga bauri. Inna ko an kawo mai ɗan tauri, ajiye ta take yi sai ta yi ɗigo."

Ya sani mana cewa mai tabo ta fi zaƙi, wa ya kai shi sani? Amma saninsa na kasuwa ne, inda mai tabo take nufin wadda ba za ta kai gobe ba. Duk shekarun nan ya ɗauka Tela tana yi da ta kwali ne don ita ya ba ta, ba don ita abin ke so ba. Ya tsaya da kofin a hannu. Sai ya tuna jiya da yamma mai awaki ta kwashe kwalin kaf.

Bai ɗauki keke ba ma, da ƙafa ya fita, yana sauri yana ɗingishi. Ya wuce nasa teburin da ya bari a rufe da buhu, ya tsaya a gaban na Dogo. Tun da suke bai taɓa tsayawa a nan a matsayin mai nema ba.

"Dogo, ta ƙarƙashin tebur nake so. Wadda ta fi laushi."

Dogo ya buɗe baki, ga dama ta samu wadda ya daɗe yana jira, maganar asibitin ayaba tana kan harshensa. Sai ya dubi fuskar mutumin ya haɗiye ta. Ya durƙusa da kansa ya jawo kwandonsa, ya riƙa zaɓa yana sansanawa, yana ware wadda ta fara tsami, ya cika masa leda. Ya ce, "Ka gaishe da mai jiki. Allah ya ba ta sauƙi."

A gida Auta ta karɓa ta ɓare. Ta yanka su sirara-sirara don su yi saurin kamawa, ta jera a faranti ba tare da ɗaya ta hau ɗaya ba, ta tura ta rufe. Saura jira. Mai Zinariya ya jawo kujera ya zauna yana fuskantar firjin. Jim kaɗan ya tashi ya buɗe ya taɓa. Ya koma. Ya sake tashi.

"Baba, in kana buɗewa ba za ta daskare ba."

Ya koma ya zauna ya haɗa hannuwa a tsakanin gwiwoyi. Daga ɗaki yana jin Auta tana gwada ba uwar ruwa a cokali, yana jin tarin da ya biyo baya, yana jin ta tana cewa, "Bari, Inna, bari, kada ki tilasta." Ruwan ma yau dawowa yake yi. Duk motsin da firjin ya yi sai gabansa ya faɗi, kada a ɗauke wuta. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana lallashin ayaba ta jira shi, yau shi ne zaune yana jiranta, kuma ba abin da zai iya yi mata.

Sai da rana ta yi sanyi sannan suka ƙanƙare. Ya ce shi zai markaɗa. Ya kunna, ya kashe, ya tura da cokali, ya sake kunnawa, yanzu hannunsa ya saba. Wannan bai yi fari ba, ya ɗan yi duhu, ba shi da kyan ido ko kaɗan. Amma yana buɗe murfin ƙamshi ya cika kicin ɗin, ƙamshin da ya sha tararwa a gidan in ya dawo da wuri, bai taɓa kula ba.

Tun kafin ya kai bakin gado ta buɗe ido. Hancinta ya motsa. Ya tallafo kanta, ya ɗebo a bakin cokali kaɗan, ya sa mata a harshe. Ta rufe baki. Suna kallon wuyanta, shi da Auta. Ta yi ƙoƙari, ta sake yi, bai wuce ba. Ya narke a bakinta ya gangaro ta gefe, Auta ta sa gefen gyale ta goge. Amma fuskarta ta saki, har wannan ɗan lotsawar kumatun da take yi in za ta zolaye shi ta fito. Ta sake buɗe baki, ya sake ɗiga mata, ta riƙe shi a harshe har ya narke. Sannan ta ɗago hannunta ta kama cokalin ta juya shi wajensa.

"Ki bari, haƙorina," ya fara cewa. Ta ƙi saki.

Ya ɗiba ya sa a baki. Zaƙi ne mai laushi, ya bi harshe ya narke ba tare da an tauna ba, ya sauka da kansa. Ya zauna da shi a baki yana kallonta. Sai ya miƙe ya tafi kicin, ya ɗauko ragowar nasa na jiya, fari mai kyan gani, ya ɗanɗana. Lami ne salam, ga bauri da ke kama harshe ya bar shi kamar an goga masa tsumma, ga wani gari-gari da ke maƙalewa a wuya. Shi mai lafiyayyen maƙogwaro sai da ya yi yunƙuri kafin ya haɗiye.

Ya dawo ya durƙusa a bakin gadon, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Tela, wannan kike haɗiyewa kullum? Da wannan wuyan? Me ya hana ki ture shi? Ko almakashi ai sai ki buga mini."

Ta yafito shi da yatsa. Ya kai kunnensa daf da bakinta, yana jin sanyin ayabar a numfashinta. Ta tattara abin da ya rage mata na murya.

"Ta gaban tebur ce."

Ya kifa goshinsa a kan katifar kusa da hannunta, ya yi kuka irin wanda 'yarsa ba ta taɓa jin ya yi ba. Tela ta ɗora hannu a kan farin gashinsa ta bar shi a nan. Auta ta ɗauki jaririyarta ta fita ta ja musu ƙofa.

Ba ta daɗe ba bayan wannan. Kwanakin da suka rage, ɗigon nan a harshe shi ne abincinta, kuma Dogo ne ke aiko da ayabar kullum ba tare da an tambaye shi ba.

Mai Zinariya yana nan a bakin kasuwa har yanzu, da bencinsa da tsummansa, sai dai kiran zinariyar ya daina. Mata suna latsa masa kaya yana kallo ba ya cewa komai. In ya ji mai saye ta ambaci marar lafiya a gida, sai ya sunkuya ya ɗebo mata daga kwali, ya tsaya yana yi mata bayanin yadda za ta yanka da yadda za ta jera a faranti, har ta ƙosa. Da yamma in zai tashi, yakan ɗauki guda biyu daga gaban tebur, mafi kyau, ya sa a aljihun riga. A gida sai ya ajiye su a kan keken ɗinkin da ke bakin taga, wanda har yau bai bari an ɗaga ba. A nan suke zama har su yi ɗigo, su yi laushi, sannan ya ɓare ya yanka ya sa a firji. Shi kaɗai yake sha, a kofin shayin nan, kuma har yanzu sanyin yana taɓa masa haƙori.